Fankar da aka zana a Kano, aka ƙera a Dongguan

Sana'ata zana ƙirar kayan da masana'anta za ta buga da yawa: siffar abu, girmansa, inda hannu zai kama, inda makunni zai zauna, irin robar da za a zuba. Aikin da ya kai ni kudancin ƙasar Sin fanka ce mai caji, ta ɗorawa a tebur, wadda za ta kwana tana juyi in an ɗauke wuta, a kuma iya cika batirinta da farantin sola. Mai kuɗin wani Alhaji ne da ya daɗe yana shigo da kayan lantarki ta Legas, yana rabawa daga Sabon Gari har Maraɗi. Damuwarsa ita ce fankarsa da ta maƙwabcin shagonsa duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sunan da aka buga a goshi ne kawai ya bambanta, ciniki ya koma wa ya fi iya karya farashi. Yana son tasa ta kansa.

Dalilin da ya sa fankokin suke kama da juna shi ne abu na farko da baƙo ya kamata ya gane. Yawancin kayan robar da ka gani, daga bokiti zuwa bayan waya, daga mol ya fito, wato ƙaton ƙarfe mai ɓari biyu da aka sassaƙa siffar abin a cikinsa. Inji ya tura narkakkiyar roba da ƙarfi, ta huce, a buɗe, abin ya faɗo. Mol ɗin shi ne mai cin kuɗi. Fanka ɗaya tana bukatar na gindi, na raga, na fiffike, na gidan inji, kuma jimillarsu dubban daloli ce kafin a buga ko ƙwaya ɗaya. Shi ya sa a yankin wani yakan sassaƙa mol da kuɗinsa ya riƙa sayar wa kowa gangar jikin, kai dai zaɓi launi ka kawo sunanka. Haka ake yi da fanel ɗin lantarki na ciki, mutum ɗaya ya zana, masana'antu barkatai su saya. A kan wannan tsari aka gina kasuwar ƙananan wayoyin da suka cika hannun jama'a wajen 2005 zuwa 2010, lokacin da kamfanin MediaTek na Taiwan ya riƙa sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta, har ya zama 'yan mutane kaɗan a ɗaki guda suna iya fitar da sabuwar waya mai layi biyu da lasifika mai ƙara cikin ɗan lokaci. Da yawa daga masu zanen da na tarar a birnin Shenzhen, maƙwabcin Dongguan, a wannan hayaniyar suka koyi aiki, kuma har yau ana ganin alamarta a hannunsu: sauri, da rashin jin ciwon a taɓa musu zane.

Shenzhen ɗin a 1980 aka ware ta yankin tattalin arziki na musamman, a 2008 kuma UNESCO ta sa ta cikin biranen zane, ita ce ta farko a Sin. Amma mai irin aikina ba birnin kaɗai yake gani ba, yankin ne gaba ɗaya. Kayan gyara da ƙananan sassan lantarki suna Huaqiangbei, bene kan bene. Masana'antun haɗa kaya suna Bao'an. Maƙeran mol sun taru a garin Chang'an na Dongguan, inda kamfanonin waya na OPPO da vivo suke da mazauni. Fitila tana Guzhen, kayan lantarkin gida suna Shunde. Duk tafiyar awa ɗaya zuwa biyu ce. Ka nemi makunni iri biyar a shafin sari na intanet mai suna 1688 da yamma, washegari suna kan teburinka. Wannan kusanci ya sauya yadda ake tunani. Abin da mu za mu zauna mu yi ta muhawara a kansa a takarda, su sai su ce a yi shi a gani. Kuma duk maganar aiki a manhajar hira ta WeChat take, hoto da da'irar jan layi da saƙon murya, har tsakar dare. Wanda ya zauna jiran imel zai tarar an yanke hukunci babu shi.

An haɗa ni da wani ƙaramin ofishin zane domin su yi tsarin ciki, tunda a can an raba aikin biyu: mai zana fuska daban, mai zana ƙashi daban, wato ginshiƙan noti da haƙarƙarin da ke riƙe roba. Na zo da ƙira ɗaya da na tsaya a kanta: jiki fili babu ado, makunni babba mai murɗawa da za a lalubo a duhu, da mariƙi a sama domin a ɗauke ta daga ɗaki zuwa tsakar gida. Budurwar da ke jagorantar masu zanen fuskar ta duba ta ce ina sauran? Al'adarsu a jera wa mai kuɗi hotuna iri-iri, shi ya nuna da yatsa. Kafin gari ya waye ta turo min fankata cikin kamanni daban-daban, wata da zoben gwal a tsakiyar raga, wata da ƙyalli irin na azurfa, wata da shuɗiyar fitila zagaye da gindi. Baƙi da yawa a nan suke yanke cewa mutanen ba su da ido. Ni ban ga haka ba. Budurwar ta san manyan masu zanen Japan da na Jamus ciki da bai, wayarta cike take da ayyukansu. Wanda take zana wa ne daban: ɗan kasuwar da zai ratsa baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, ya wuce rumfuna bila adadin, ya ba kowace fanka kallo ɗaya. Ƙyallin domin ya tsaya ne.

Kuma da na tura wa Alhaji hotunan, bayanta ya bi.

"Injiniya, ka bar musu zoben gwal ɗin nan. Mai saye da ido yake fara saye."

"Ranka ya daɗe, fenti ne a kan roba. Rana da ƙurar hunturu za su ɓare shi, kafin damina fankar ta tsufa."

"To ka nemo wanda ba ya ɓarewa, amma gwal ɗin yana nan."

Aka sasanta a kan zoben da aka zuba launin a cikin robar kanta, bai kai wancan ƙyalli ba amma ba ya zuba. Wani abin da na ga Bahaushe da Basine sun haɗu a kai shi ne auna kaya da hannu. Mara nauyi jabu ne a wurin duka biyun. Masana'antar ta ce a ɗaura farantin ƙarfe a gindi domin a ji ta da nauyi. Muka sauko da batiran can ƙasa, nauyin ya samu, fankar kuma ta daina barazanar kifewa.

Daga nan aka sassaƙo samfurin gwaji da injin kwamfuta, aka fesa masa fenti har ya zama kamar na shago, cikin 'yan kwanaki. Sai muka ɗauke shi zuwa Chang'an, inda ainihin aikin yake. Kafin a taɓa ƙarfe, masu mol suna dawo maka da zanenka shafi-shafi, duk jan layi: nan ba zai fita ba, nan zai lotsa, nan zai bar tabo. Kowa ana yi masa haka, komai sunansa. Shugaban maƙeran dattijo ne mai sigari a bayan kunne, kowa yana ce masa shifu, kamar yadda ake kiran gwanin da ke koyar da sana'a, ni ma haka nake kiransa. Ba ya jin Turanci, tafinta kuma takan ɓace idan an shiga maganar ƙarfe, don haka mafi yawan hirarmu da biro ce a bayan kwali.

Ya ɗauki samfurin ya bi bangon gindin da farcen babban yatsa, daga ƙasa zuwa sama, ya girgiza kai. Bangon da ya tsaya cak ba ya rabuwa da mol, dole ya ɗan kwanta da digiri ɗaya ko biyu, in kuma ana son fatar robar ta yi kaushi sai an ƙara. Ya auna kaurin jikin, milimita biyu da rabi, ya zana haƙarƙarin ciki ya rubuta kashi 60 a gefensa: in haƙarƙari ya fi wannan kauri idan aka gwada da bangon da yake riƙewa, robar wurin za ta makara wajen hucewa, ta ja fuskar waje ta lotsa. Mariƙin da nake alfahari da shi kuwa yana da lungu, ba zai fita ba sai an ƙara wa mol wani ƙarfe mai zamewa gefe, ƙarin kuɗi ne kuma shi ke fara lalacewa. Ya tsaga mariƙin biyu da biro, ya ɓoye layin haɗin a ƙasa inda yatsu ke rufewa. Siffar ba ta canza ba.

A nan na fahimci matsayin zane a wurinsu. Tayi ne, irin na kasuwa. Ka faɗi naka, mai ƙarfe ya ce albarka ya faɗi nasa, mai kuɗi ya sa baki, a yi ta ja har a sallama. Wanda ya zo da zane yana ganin ba a taɓa shi zai sha wahala, wanda kuma ya saki komai zai koma gida da fankar kowa da kowa. Aikin shi ne ka san tun daga gida abin da za ka bari da abin da ba za ka bari ba ko ana ha-maza ha-mata.

Nawa abin da ba na bari shi ne noti. Masana'antar ta fi son ta manne ɓari biyun gindin da injin girgiza mai narkar da bakin roba, daƙiƙa kaɗan an gama, babu noti babu ma'aikacin ɗaurawa. Amma fankar da aka manne ba ta buɗuwa sai an fasa ta. Batir kuwa yana riga inji mutuwa, balle a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙura da ke toshe komai. Mutumin da ya tara kuɗi ya sayi fanka ba zubar da ita zai yi ba, wurin mai gyara zai kai. Na yi bayani ta bakin tafinta, ko a jikinsu. Sai na nuna wa shifu bidiyon da na ɗauko a rumfar wani mai gyara a Kano, yana gasa wuƙa a wuta yana yanka bayan wata fitila mai caji domin ya kai ga batir, bayansa tulin fankoki da rediyo suna jiran layi. Dattijon ya karɓi wayar ya maimaita bidiyon, ya kira wani yaronsa ya nuna masa. Sannan ya ja kwalin gabansa. Ƙofar batir ta daban, notinta ya shiga cikin tagulla da aka dasa a roba domin kada ramin ya cinye saboda yawan kwancewa. Sauran jikin noti mai cin roba kai tsaye, mai araha. Kuma duk notin fankar girma ɗaya, sukurudireba ɗaya ta isa. Ya fi abin da na roƙa kyau, ya kuma fi shi sauƙin kuɗi.

Maganar farashi ba a falon taro ake yin ta ba, a teburin shayin mai masana'anta ake yi. Katako ne babba mai magudanar ruwa, shi da kansa yake wanke 'yan ƙananan kofuna da ruwan zafi yana zubawa, kai kuma ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya. Ana iya shafe awa ana hirar iyali da ƙwallo kafin a taɓo kuɗi. Mutumin ba ya cewa a'a. Kowane farashi ka ambata zai yi shiru, ya danna kalkuleta, ya ce za a iya. Kuma gaskiya ya faɗa, za a iya ɗin, sai dai wani abu zai fita daga cikin fankar wanda ido ba ya gani. Wayar jan ƙarfe ta cikin inji ta koma alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Sabuwar robar ABS a gauraya ta da niƙaƙƙiyar tsohuwa, ta riƙa tsagewa in ta faɗi. A cire sinadarin da ke hana rana mayar da farar roba ruwan ɗorawa. Batirin fankar, irin mai lamba 18650, a sa na ƙarshen layi a buga masa lambar ƙarfin da babu ita a duniya.

A ɗakin nuna kayansu na ga abin da ya tsaya min a rai. Fanka iri ɗaya a kantoci daban-daban, ta masu sayen Japan, ta Turai, sai ta can ƙasa da mai rakiyata ya ce ta kasuwar Afirka ce, ya faɗa ba tare da jin ya yi wani laifi ba. Injin da ya buga ta sama shi ya buga ta ƙasa, ma'aikatan ma su ne. Abin da muke kira ɗan Chaina a kasuwa, da yawansa mu muka yi odarsa a haka. Ɗan kasuwarmu ya zo da samfur ya ce a yi masa irinsa a rabin kuɗi, bai tambayi abin da za a cire ba, su kuma ba su faɗa ba. Ban wanke masana'antun ba, akwai masu sauya kaya a ɓoye bayan an gama magana. Amma araha ba ta ado. Kuma hujjar cewa Shenzhen ta iya zana wa Afirka abu da gaske tana aljihun kusan kowa: Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, da aka kafa a 2006, ta tura mutanenta suka zauna suka ga yadda ake rayuwa, ta fito da layi biyu da batir mai daɗewa da kyamarar da ke fito da baƙar fata yadda take, har ta buɗe wurin haɗa waya a Habasha a 2011. Na kira Alhaji na lissafa masa abin da kowane ragi zai ci. Ya yi shiru, sannan ya ce a bar jan ƙarfen da batir mai kyau, a rage kyan kwali. Aka rubuta komai, har sunan kamfanin batir da lambar robar, ya biya kafin alƙalami.

Shifu kansa a wata masana'anta mai yi wa Japanawa aiki ya koyi sana'a a shekarun 1990, bayan masu jarin Hong Kong da Taiwan sun kwararo yankin. Kamfanin Foxconn na Taiwan ma a 1988 ya buɗe a Shenzhen. Dattijon yakan ba da labarin yadda mai duba kayan Japanawan zai ɗaga abu a ƙarƙashin fitila ya mayar da shi saboda ƙarzuwa a ciki, inda mai saye ba zai taɓa gani ba, da yadda sukan daɗe suna zagayen neman yardar kowa kafin su yanke shawara, in sun yanke kuma shi ke nan. Japan ke nan, ƙasar da take ba da lambar yabo ta kyakkyawan zane tun 1957. Koriya ta Kudu kuma daga sama abin ya zo, lokacin da shugaban Samsung na wancan zamani, Lee Kun-hee, ya ayyana 1996 shekarar juyin zane a kamfanin. Masu cewa "salon Asiya" suna haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Wanda na shiga na gani da idona na bakin Kogin Lu'ulu'u ne, wato wannan yanki na Shenzhen da Dongguan, inda ake fara yi sannan a gyara.

Sassaƙa mol yakan ci wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ranar gwajin farko, wanda suke kira T0, da dare aka ba mu inji. An busar da ƙwayoyin robar tun da rana, aka ɗaga mol ɗin raga da sarƙa aka ɗaure. Na farko ya fito guntu, robar ba ta kai ƙarshen sandunan ba. Mai injin ya ƙara zafi da matsi, na gaba ya cika har ya yi gemu a bakin haɗi. Ya rage. Haka aka yi ta yi, ana jefa su a kwando da ɗuminsu, wurin duk warin roba, har aka samu mai kyan gani. Shifu ya ɗora shi a kan teburin dutse ya danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga: ragar ta murɗe wajen hucewa. Fiffiken ma da aka ɗaura ya riƙa rawa a gudu na uku. Babu wanda ya ɗaga murya. Dattijon da ma ya bar ƙarfe fiye da kima a wuraren da yake shakka, domin rage ƙarfe abu ne mai sauƙi, mayar da shi kuwa sai walda, walda kuma tana barin tabo. Kaushin fata sai a ƙarshe ake ci da sinadari, bayan kowane awo ya zauna.

Da aka kai ga wanda kowa ya yarda da shi, aka kawo alƙalami mai kauri na sa hannu da kwanan wata a jikin fankar kanta, ɗaya tawa, ɗaya ta masana'anta, ɗaya ta mai duba kaya. Aka kuma sa hannu a kan mafi munin da za a iya karɓa, mai ɗan tabo iya nan, kada ya wuce. A wurinsu wannan fankar mai sa hannu ta fi duk wata takarda ƙarfi. Abin da ba ya jikinta kuma ba a rubuce yake ba, farashi ne zai yanke shi ranar da ba ka nan.

Rayuwar Musulmi a tsakaninsu ba ta yi min wuya ba. Kusan kowace unguwar masana'antu akwai shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, na Musulmin arewa maso yamma. A liyafar dare da ake ɗaga kofin giya domin ƙulla amana, da na faɗi addinina sau ɗaya sai aka riƙa cika min kofi da shayi, aka ci gaba. Bayan abincin rana kuma ana kashe fitilun ofis kowa ya shimfiɗa gadonsa na naɗewa ya yi barci, ni kuma in samu lungu in yi azahar.

Abin da ya fi matsa mana lamba kalanda ce. Fanka kayan bazara ce, in ba ta iso Kano kafin Maris ba an yi asarar shekara. Jirgin ruwa zuwa Legas ya haura wata, ban da zaman tasha. Sabuwar shekarar Sinawa kuma tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu ba sa dawowa, sababbin hannu kuma su ne masu ɗaura noti a karkace. Ga takardar gwajin UN38.3 da ake nema kafin a ɗauki batirin litiyam, ga takardar shaidar inganci ta SONCAP ta shiga Najeriya, ga caja iri biyu, mai ƙafa uku ta Kano da mai zagayayyun ƙafa biyu ta Maraɗi. Aka rufe kwantena ana saura kaɗan a tafi hutu.

Tun kafin mu nuna wa kowa zanen mun yi rajistar ƙirar a Sin, domin a can wanda ya riga kai takarda shi ne mai abu, kuma tun Yunin 2021 kariyar shekara 15 ce. Hakan bai hana komai fitowa ba. Bayan 'yan watanni sai ga fanka a shafukan sari mai mariƙinmu da babban makunninmu, har da zoben gwal, nata mai fenti. Alhaji ya kira yana faɗa, ya ce an ci amanarsa. Na sa aka sayo ɗaya aka fasa, don a manne take babu noti ko ɗaya, kuma tabon mashigar robar ba a inda namu yake ba. Wani ne ya sayi tamu ya auna ya sassaƙa nasa mol ɗin. Da takardar rajistar aka sa aka sauke tallar, wata ta sake ɓullowa da wani suna. Mai masana'antarmu da na kai masa ƙorafi dariya ya yi, ya ce alama ce kayan suna tafiya, yaushe za mu fara ta biyu?

Ta biyun daga rumfunan masu gyara ta fito. Sun ce notin ƙofar batir yana faɗuwa ya ɓace a ƙasa, masu fanka suna ɗaure ƙofar da salatif. Na tura wa shifu hoton a WeChat, ya maido shi da da'irar jan layi da ɗan zanen wuya a ramin, wanda zai riƙe notin ko an kwance shi. Ƙaramin ƙarfe ɗaya aka cire daga mol ɗin gindi aka sa wani, aka buga odar gaba da shi.